Babi na Bakwai: Da Ɗan Gari Akan Ci Gari

Duk shekara, daga watan Disamba zuwa Mayu, dubban mutanen da suka gama ƙwarewa a wasan zamiya kan dusar ƙanƙara suna barin filayen da aka tanadar domin wasan, su nufi dawan tsaunukan wasu ƙasashe. Filin da aka tanada yana da motocin da ke daddaɓe ƙanƙara cikin dare, da igiyoyin da ke nuna iyaka, da ma'aikatan da ke jefa nakiya da asuba don su zubo da duk ƙanƙarar da ke barazana kafin jama'a su iso. A dawa babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Mutum zai manna wani ƙyalle mai gashi a ƙasan katakon zamiyarsa don kada ya sulluɓe baya, ya yi awa huɗu ko biyar yana hawa, sannan ya ɓare ƙyallen ya gangaro cikin mintuna kaɗan. Masu zamiya da allo ɗaya mai faɗi kuwa suna da allon da ke rabuwa biyu lokacin hawa, a sake haɗe shi idan za a sauko. Wasu suna bin tsohuwar hanyar da ta tashi daga Chamonix a Faransa zuwa Zermatt a Suwizalan, tafiyar kusan mako guda ana kwana a bukkokin tsauni. Wasu suna zuwa Lyngen a arewacin Norway, inda ake gangarowa daga ƙololuwa har bakin teku. Wasu kuma sai tsibirin Hokkaido na Japan, ko yammacin Kanada, inda jirgi mai saukar ungulu ke sauke su a kan tsaunin da babu sawun kowa. Da yawa daga cikinsu suna biyan kuɗi mai tsoka domin wani ya shige musu gaba.

Wanda ya ji wannan zai iya yin mamaki. Jagora ai na ɗan koyo ne, me mutumin da ya shekara ashirin yana zamiya zai yi da shi? Amsar da wannan babi zai kare ita ce, gwani ya fi ɗan koyo buƙatar jagora idan ya bar ƙasarsa, domin gwanintarsa tana kai shi wuraren da ɗan koyo ba zai taɓa takawa ba, alhali abin da ke kashe mutane a waɗannan wuraren ba shi da alaƙa da iya sarrafa ƙafa. Ɗan koyo tsoro ke tsare shi a gangara mai sauƙi. Gwani ya daɗe da rabuwa da wannan tsoron, kuma gangarar da ta fi masa daɗi, mai karkatar digiri 30 zuwa 45, ita ce daidai gangarar da ƙanƙara ta fi zaftarewa a kanta. A tsaunukan Alps kaɗai, kimanin mutum 100 ne ke mutuwa a shekara sanadiyyar zaftarewar ƙanƙara, kuma a kusan tara cikin goma na irin waɗannan haɗurra, wanda abin ya rutsa da shi ko wani daga cikin abokan tafiyarsa shi ne ya tayar da ita da nauyin jikinsa. Wato ƙanƙarar tana kwance lafiya har sai da wani ya yanke shawarar taka ta. Duk tambayar ta taru a nan: wa ke yanke wannan shawarar, kuma da wane ilimi?

Kafin a amsa, sai an fahimci yadda ƙanƙarar tsauni take. A ido fara ce fat, abu ɗaya daga sama har ƙasa. Idan aka haƙa rami aka duba gefensa, sai a ga hawa-hawa ce kamar shafukan littafi, kowace zuba da nata shafin. Wani shafin ya danne ya yi tauri. Wani kuma, wanda ya sha dare mai tsananin sanyi a fili kafin a rufe shi, ya koma kamar sukari, ƙwayoyinsa ba sa riƙe juna. Idan iska ta kwaso sabuwar ƙanƙara ta jibge ta a kan wannan shafi mai rauni, sai a sami faifai mai nauyi yana zaune a kan abin da ba zai iya ɗaukarsa ba. Mai zamiya ya bi ta kai, shafin ƙasa ya karye, tsagar ta ruga ta ratsa gangarar cikin ƙiftawar ido, faifan duka ya taho da gudun da kan wuce kilomita 100 a awa. Idan ya tsaya, sai ya daskare kamar siminti, har wanda ya binne ba ya iya motsa yatsa. Abin lura shi ne, shafin da zai karye a watan Fabrairu yana iya kasancewa tun watan Nuwamba ya samu. Wanda bai ga daren da ya samu ba, bai san da zamansa ba. Ƙanƙarar sama ba ta faɗa wa kowa abin da ke ƙarƙashinta, sau da yawa ma ranar da ta fi kyau a ido, rana ta fito bayan an kwana ana zuba, ita ce ranar da ta fi haɗari.

Daga nan za a gane abin da baƙunta ke yi wa gwani. Ƙanƙarar kowace ƙasa da halinta. A Hokkaido, iska mai sanyi daga Siberiya ke ratsa Tekun Japan ta kwaso danshi, ta yi ta zuba kusan kullum, har ramin da kan samu a gindin bishiya ya isa ya haɗiye mutum da ka. A wuraren da ke kusa da teku irin wannan, haɗarin yakan tashi lokacin zuba, ya sauka bayan 'yan kwanaki. A tsaunukan da ke nesa da teku, kamar na jihar Colorado wadda ta fi kowace jiha a Amurka yawan mutuwa ta wannan hanya, ƙanƙara ba ta da kauri, sanyi ya yi tsanani, shafi mai rauni yana iya daɗewa har ƙarshen hunturu. A Alps akwai ƙarin wata masifar: daskararrun kogunan ƙanƙara masu tsagogi masu zurfin gaske, waɗanda sabuwar ƙanƙara kan yi wa rufi siriri. Mutumin da ya koyi darasinsa a wuri ɗaya yana zuwa da ƙa'idojin da suka yi masa aiki a gida, kamar cewa a jira kwana biyu bayan zuba komai zai daidaita, ya ɗora su a kan tsaunin da ba ya bin wannan ƙa'idar. Ya sauka daga jirgi ranar Asabar, zai koma Asabar mai zuwa. Jagoran da ke zaune a kwarin tun farkon hunturu ya san daren da aka yi ruwan sama a kan ƙanƙara, ya san ta ina iska ta kaɗa makon jiya, ya ga gangarar da ta zube da kanta shekaranjiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wannan rabin maganar ke nan. Ɗaya rabin yana cikin zuciyar ɗan adam. Wani mai bincike a Amurka, Ian McCammon, ya bi diddigin haɗurra sama da 700, ya gano cewa mutane da yawa sun ga alamun haɗari ƙarara, suka ci gaba. Ya lissafa tarkunan da ke jan su: sabo da wuri, da nacewa a kan abin da aka riga aka ƙudura, da son burge abokan tafiya, da dogara ga wanda ake ganin ya fi kowa sani, da gaggawar riga wasu taka sabuwar ƙanƙara. Waɗannan tarkuna ba sa ƙyale gwanaye, kuma tafiya ƙasar waje tana ƙara musu kaifi, domin wanda ya tara kuɗin shekara ya ɗauki hutun mako guda ba ya son jin cewa yau a zauna a ɗaki. A watan Fabrairun 2012, a wani wuri da ake kira Tunnel Creek a jihar Washington, mutum goma sha shida, yawancinsu ƙwararru da aka san su a wannan fage, suka fita tare bayan an yi zuba mai yawa. Ƙanƙara ta zaftare ta kashe uku. Bayanan da waɗanda suka tsira suka bayar sun nuna cewa wasunsu sun ji ɗar-ɗar a ransu, amma babu wanda ya furta, kowa yana zaton a cikin taron gwanaye irin wannan lallai akwai wanda ya auna komai. Ilimi bai yi ƙaranci a wannan ayarin ba. Abin da aka rasa shi ne mutum ɗaya da kowa ya amince aikinsa ne ya ce a tsaya.

Hausawa sun daɗe da sanin wannan matsayi. Ayarin fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro, ko ayarin raƙuman da ke ratsa hamadar Tenere zuwa Bilma ɗaukar gishiri, cike yake da mutanen da suka sha tafiya, amma duk da haka akwai madugu, kuma idan ya ce a nan za a yada zango, magana ta ƙare. Jagorancin tsauni a Turai ya ginu a kan irin wannan tunanin. An kafa ƙungiyar jagororin Chamonix a 1821, ita ce mafi daɗewa a duniya. A 1965 jagororin Faransa da Italiya da Suwizalan da Austiriya suka kafa tarayyar ƙasa da ƙasa da ake kira IFMGA, wadda yanzu ta haɗa ƙasashe sama da ashirin, kuma samun shaidarta yana ɗaukar shekaru ana horo da jarrabawa a hawan dutse da hawan ƙanƙara da zamiya da ceto. A Faransa laifi ne mutum ya karɓi kuɗi ya jagoranci wasu a tsauni ba tare da takardar shaida ba. A Kanada, inda Hans Gmoser ya fara kai masu zamiya da jirgi mai saukar ungulu a tsaunukan Bugaboos a 1965, an mayar da lamarin tsari na yau da kullum. Jagororin kamfani suna zama kowace safiya su bi jerin gangarori ɗaya bayan ɗaya, su ware waɗanda aka buɗe da waɗanda aka rufe, kuma wadda aka rufe a ɗaki ba a buɗe ta a kan tsauni komai kyawunta. Tun 1991 kamfanonin suke musayar abin da kowa ya gani a ƙanƙara kowace rana. Hikimar tsarin ita ce a yanke shawara kafin sha'awa ta taso, a wurin da ido ba ya ganin farar gangara.

Mai ja da wannan magana zai ce zamani ya canza. Yanzu kowa yana ɗaure da na'urar da ke aika sigina idan an binne shi, yana da shebur da doguwar sandar lalube, wasu har da jakar da ke kumbura ta hana mutum nutsewa. Hasashen haɗari kuma yana cikin wayar kowa: tun 1993 ƙasashen Turai suka amince da ma'auni ɗaya mai hawa biyar, cibiyar binciken ƙanƙara ta Davos a Suwizalan tana fitar da sanarwa sau biyu a rana, Norway ma ta buɗe tata hidimar a 2013. Duk gaskiya ne, kuma babu jagoran kirki da zai fita da wanda ba shi da waɗannan kayan. Sai dai kayan ceto aikinsu yana farawa ne bayan an riga an yi kuskure. Binciken da aka buga a 1994 a kan waɗanda aka binne a Suwizalan ya nuna cewa sama da kashi 90 cikin 100 suna da rai idan aka tono su cikin minti 15, amma zuwa minti 35 adadin ya faɗi zuwa kusan kashi 30. A yammacin Kanada kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mamatan buguwa da bishiya ko dutse ce ta kashe su, babu shebur da zai cece su. Jakar iska, a wani bincike na 2014, ta rage mutuwa daga kashi 22 zuwa 11, wato rabi ta rage. Hasashe kuwa na yanki ne mai faɗin kilomitoci da yawa, ba ya cewa komai a kan wannan gangarar da ke gabanka da ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Kusan rabin mutuwar da ake yi a Suwizalan tana faruwa ne a hawa na uku, inda sanarwa ba ta ce a zauna a gida ba, ba ta kuma ce a saki jiki ba. A wannan tsakiyar ne ake buƙatar idon da ya san wurin.

Akwai ja-in-ja da ta fi wannan nauyi, kuma bai kamata a kauce mata ba: mutane suna mutuwa a bayan jagora. Ranar 20 ga Janairun 2003, a yankin Durrand da ke tsaunukan Selkirk na Kanada, ƙanƙara ta zaftare wa wani ayari mai jagora ta kashe mutum bakwai, cikinsu har da Craig Kelly, zakaran duniya a zamiya da allo, wanda shi kansa yana kan hanyar zama jagora. Shafin da ya karye tun watan Nuwamba ya samu. A watan Maris na 2012, mutum biyar daga wani ayarin baƙi daga Suwizalan da Faransa suka mutu a wani tsauni na arewacin Norway. A ƙarshen Afrilun 2018, a kan hanyar nan ta Chamonix zuwa Zermatt, guguwa ta rutsa da wani ayari kusa da Pigne d'Arolla, suka kwana a fili, mutum bakwai suka rasu har da jagoran, alhali bukkar da suke nema tana 'yan ɗaruruwan mitoci daga inda suke. Wanda ya karanta waɗannan yana da hakkin ya tambaya, to ina amfanin kuɗin da aka biya?

Amsar gaskiya ita ce jagora yana rage haɗari ne, ba ya kawar da shi, kuma duk wanda ya sayar da tafiya da alkawarin tsira ya yi ƙarya. Amma a lura da yadda ake lissafin. Ranar da jagora ya yi kuskure tana shiga jarida. Ranakun da ya juya da mutanensa, ko ya kai su wata gangara mai sauƙi suna gunaguni, babu mai rubuta su, domin babu abin da ya faru. Jagora yana kwana ɗari ko fiye a kan ƙanƙara kowane hunturu, shekara bayan shekara, don haka dole sunansa ya fi na mai zuwa mako guda fitowa a labarin haɗari. Sannan sana'a tana koyon darasi ta hanyar da ɗaiɗaikun matafiya ba sa iyawa. Bayan mummunan hunturun 2003, wanda a cikinsa wasu ɗalibai bakwai ma suka mutu kusa da Rogers Pass, hukumar gandun dajin Kanada ta fito da ma'aunin da ke rarraba hanyoyi gwargwadon yadda suke fuskantar zaftarewa, kuma wasu ƙasashe sun ara. Darasin da waɗannan haɗurra ke koyarwa shi ne kada a miƙa wa jagora ƙwaƙwalwa tare da kuɗi. Tarkon dogara ga wanda ya fi sani, wanda McCammon ya ambata, yana aiki a kan jagora kamar yadda yake aiki a kan aboki. Gwanin da ya ga tsaga ta fita daga ƙasan katakonsa, ko ya ji ƙanƙara ta yi ƙara ta zauna, wajibinsa ne ya faɗa.

Kuɗin kansa ma abin dubawa ne. Wanda ya biya yana ganin yana bin bashin gangara mai tsayi da hoton da zai nuna a gida, jagora kuma yana son baƙonsa ya dawo baɗi, ya kuma yabe shi a intanet. Wannan matsin gaskiya ne, kuma shi ne babban raunin sana'ar. Maganinsa yana hannun ɓangarorin biyu. Kamfanin da ya san aikinsa yana sayar da kwanaki a tsauni, ba ya sayar da ƙololuwa takamaimai, yana kuma tsara tafiya da hanyoyi biyu ko uku da za a koma wa idan ta farko ta ƙi. Baƙo kuma sai ya gane cewa kalmar da ya fi biyan kuɗi a kanta ita ce "a'a". Duk mai ƙarfin ƙafa zai iya kai mutum saman tsauni. Wanda zai dube ka, kai da ka tsallako teku ka kashe dukiya, ya ce yau ba za a hau ba, shi ne ya ci kuɗinsa da halal. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

Saura masu cewa jagora yana kashe daɗin abin, tunda 'yanci aka fito nema a dawa. Wannan ra'ayi yana da mutuncinsa, kuma babu mai hana wanda ya shekara da shekaru yana nazarin ƙanƙarar tsaunin garinsu ya fita da abokansa. Maganar a kan baƙunta take. Baƙon da ba shi da jagora zaɓi biyu gare shi: ko ya bi sawun wasu, waɗanda bai san ko su waye ba balle abin da suka sani, ko ya takura kansa a wuraren da kowa ke zuwa. Wanda ke da jagora yakan ga fiye da haka, domin jagoran ya san kwarin da iska ba ta taɓa ba, ya san inda za a sami ƙanƙara mai laushi a gangarar da ba ta kai digiri 30 ba ranar da manyan gangarori suka rufu. Daga wannan hujja kuma wani sharaɗi ke fitowa. Idan amfanin jagora sanin wuri ne, to jagoran da ya taso tare da ayarinsa daga Turai zuwa Japan ko Norway shi ma baƙo ne, duk da takardar shaidarsa. Nagari a cikinsu yakan isa da wuri, ya zauna da jagororin yankin, ko ya ɗauki ɗaya daga cikinsu su yi aikin tare.

Saboda haka wanda ke shirin irin wannan tafiya ya yi tambayoyinsa kafin ya biya ko sisi. Wace takardar shaida jagoran ke da ita, kuma ƙasar da za a je ta amince da ita? Hunturu nawa ya yi a wannan yankin, kuma tun yaushe yake can a bana? Mutum nawa ne za su bi jagora ɗaya? Za a yi atisayen tono wanda aka binne kafin a fita ranar farko? Inshorar da aka yanka ta haɗa da ceto da jirgi a wajen filin wasa? Me zai faru idan aka yi kwana uku ba a iya hawa ba? Jagoran da ya ji haushin waɗannan tambayoyi ya riga ya ba da amsa, a nemi wani. Wanda ya amsa su dalla-dalla, har ya mayar da nasa tambayoyin a kan ƙarfinka da gogewarka da lafiyarka, shi ne na bi. Idan kuma ranar ta zo, kuna tsaye a gindin gangarar da ka yi shekara kana mafarkinta, ya haƙa ya duba ya ce a juya, to ka juya.